Hankalina yana nan, magana ce ta tsinke min

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe inason rubuta labarin nan amma rubutun ma sai a hankali yake zuwa min yanzu, da babban yatsan hagu nake dannawa, in na ɗan yi nisa 'yata ta fari ta karɓi wayar ta cike min ƙananan kalmomin da na tsallake dan har yau ina tsallake su ban sani ba. Abun da ya tunzura ni shine kwanaki naje dubiyar wani bawan Allah a unguwarmu da ɓarin jikinsa ya shanye, na tarar an cika ɗakin ana hirarsa a gabansa, wani har yana cewa ai shikenan hankali ya riga ya tafi sai dai addu'a, shi kuwa yana kwance idonsa na bin bakin duk wanda yayi magana. Na san wannan kallon, nima nayi shi.

Ni dillalin hatsi ne a kasuwar Dawanau nan Kano, kuma duk wanda ya san harkar ya san dillali bashi da wani jari sai bakinsa. Riɗi ne, wake ne, waken suya, zoɓo, gero, kai ne tsaye tsakanin wanda ya kawo kaya daga ƙauye da wanda ya taso daga Legas ko Maraɗi zai saya, wannan ya taya wancan yace albarka, kai kana lallaɓa wannan kana tausar wancan har a sallama ka karɓi la'adarka. Tun ina saurayi abun da nake yi kenan, waya biyu a hannu, wuni nake ina magana.

Ƙarshen 2021 ne, lokacin kaka kasuwa ta cika maƙil. Na dawo daga masallaci da asuba an kawo min shayi, kofin kawai naga ya suɓuce daga hannuna na dama. Uwargida tace Alhaji lafiya? Na buɗe baki zance lafiya lau, abun da ya fito ba magana bace, kuma ashe bakin ma ya karkace gefe guda. Ita ta kira yayana aka ɗauke ni zuwa asibiti. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna jini ne ya daskare ya toshe wata jijiya a ɓangaren hagu, shi yasa hannu da ƙafar dama suka mutu, dan kowane ɓangare na ƙwaƙwalwa ɗaya gefen jikin yake juyawa. Likita ya yiwa Yaya bayani cewa ciwon iri biyu ne, akwai na toshewa akwai na fashewar jijiya, ba a gane wanne ne sai da hoto, kuma allurar da take narkar da daskararren jinin tana da lokaci, in an wuce awa huɗu da rabi daga fara ciwon yawanci ba a yinta. Musabbabin kuwa hawan jini ne, ina yawo dashi ban taɓa sanin inada shi ba.

Ƙafa ta fara dawowa da gashin ƙashi da motsa jiki wajen masu fisiyo, hannu ya ɗan fi taurin kai. Magana kuwa shiru.

Inason in bayyana yadda abun yake daga ciki dan shine abun da masu jinya basa gani. Na san matata, na san 'ya'yana, na san sunan kowa a zuciyata, na san buhu nawa na bari a sito da wanda ya kawo su. Inajin ƙishirwa, na san ruwa nake so, ina ganin butar a gabana, amma in na aika kalmar zuwa baki sai ta maƙale a hanya. Abu ɗaya ne ya rage min da yake fita sumul, "to madalla". Ko me aka ce min to madalla. Alhaji za ka ci abinci? To madalla. Ina ke maka ciwo? To madalla. Ranar da abun ya fi ƙona min rai, wani abokin sana'ata yazo yake gaya min mahaifiyarsa ta rasu, tsohuwar da na sha cin tuwonta, zuciyata cike da innalillahi amma bakina yace to madalla. Ɗakin yayi tsit. Na ga fuskarsa ta canza, nayi ƙoƙarin gyarawa na sake cewa to madalla, sai hawaye kawai. Wani abun kunyar kuma ashar, ni da ko yarana bana zagi, in raina ya ɓaci sai ashar ta fito tas ba gargada a gaban surukai.

Ga kuma abun da ya ƙara rikita mutanen gida, in aka tada sallah ina karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu daga farko har ƙarshe, ina ƙirga ɗaya zuwa goma, amma in ka tsayar dani a tsakiya kace cigaba daga nan bazan iya ba sai na koma farko. Toh mutum yana karatun sallah amma bai iya cewa a bashi ruwa ba, me kake tsammani za a ce? Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu ne daga kasuwa an ɗaure min baki saboda hassada, har sunayen mutane aka fara kamawa, mutanen da basu ji ba basu gani ba. Hajiyarmu Allah ya ƙara mata lafiya ta sa akai ta ruƙiyya da rubutu. Ni ban raina addu'a ba ko kaɗan, ita ta riƙe ni, amma zargin bayin Allah da akai tayi ina ji ina gani ban iya cewa ku bari ba, wannan ya dame ni fiye da hannun.

Wani matashin likita ne a wajen komawa ganin likita ya tsaya ya saurare ni sosai, yace ma 'yata abun da ke damun babanki sunansa afasiya, kuma kusan mutum ɗaya cikin uku da suka samu shanyewar ɓarin jiki suna samunta. Yace ba taɓin hankali bane, ba kurumta bace, wurin da ke haɗa harshe a ƙwaƙwalwa ne ya taɓu, kuma akwai masu aikin gyaran magana, sai dai basu da yawa. Gaskiya basu da yawa, mun sha tambaya kafin a haɗa mu da wata a wani babban asibiti. A Ibadan tayi karatun amma a Sabon Gari ta tashi, Hausa a bakinta kamar jakar Kano, mu dai Malama muke ce mata.

Ranar farko gwaji kawai tayi min. Ta fara da duba yadda nake haɗiyar ruwa, ashe wannan ma aikinsu ne dan masu irin ciwon nan suna yawan ƙwarewa abinci ya bi ta hanyar huhu. Ta sa na murguɗa baki na fito da harshe, tace akwai waɗanda su naman baki da harshe ne ya yi nauyi, maganarsu a cakuɗe take fita amma jimlar daidai take kuma in ka basu biro za su rubuta, ni nawa ba wannan bane. Ta nuna min hoton akuya, da ƙyar nace akuya. Hoton mota, nace mota. Sai ta kawo hoton wata mata tana daka tace Alhaji gaya min me ke faruwa a nan. Nayi gumi nayi gumi nace, mace... turmi... gero. Shikenan. Ba "tana", ba "daka", ba "a cikin". Sunayen abubuwa sun fara dawowa amma abun da ke ɗaure su ya zama magana babu, kamar carbin da zarensa ya tsinke 'ya'yan suka watse a tabarma, duk suna nan amma ba ka iya ja.

Sannan ta gwada fahimta, nan ne na sha mamaki dan ni a zatona ina gane komai. Tace nuna min "yaro ya ci tuwo", na nuna. Ta ajiye hotuna biyu, ɗaya yaro yana ture yarinya ɗaya yarinya tana ture yaro, tace nuna min "yaro ya ture yarinya", na nuna daidai. Sai tace toh nuna min "yarinya ce yaro ya ture". Na ɗora yatsa kan wanda yarinya ke turewa da ƙarfin gwiwata. Ta sake da wasu hotunan, kare da kyanwa, ɗan sanda da direba, duk sanda ta juya jimlar sai na kuskure. Ta yiwa 'yata bayani ina ji, tace babanki yana jin kalmomin ɗaya bayan ɗaya sai ya cike sauran da hankalinsa, tuwo dai ba zai ci yaro ba dan haka wannan ba wuya, amma in duka biyun za su iya yin aikin sai ya ɗauka duk wanda aka fara ambata shine mai yi.

Sai a lokacin na gane wani abu da ya faru a gida kafin nan. Wani mutum yazo gaishe ni, bayan an gaisa ya matso yace Alhaji maganar kuɗin riɗin nan da kake bina ce. Naji kuɗi, naji riɗi, naji bi, na kuma gane mutumin sarai. Amma wallahi na kasa raba ni nake binsa ko shi yake bina. Hankalina ya tashi na ɗauka bashi yazo karɓa ina kwance, na fara nuna wa uwargida durowa ta ɗauko masa kuɗi, mutumin kuwa hannunsa na cikin aljihu zai fito da nawa. Duk rayuwata a kan "ina binka" da "kana bina" na gina ta, ga shi ta gagare ni.

'Yata ce mai bincike a waya, ita ta zo tana bani labarin wai tun 1861 wani likita a Faransa mai suna Broca ya samu majinyaci a Paris da ba abun da yake iya cewa sai "tan", ko me aka tambaye shi tan tan, da ya rasu aka duba ƙwaƙwalwarsa aka ga rauni a gaban ɓangaren hagu. A 1874 kuma wani Bajamushe Wernicke ya bayyana wani nau'in daban, wanda maganar ke zuba kamar ba komai amma ba ma'ana kuma fahimtar ce ta fi lalacewa. Tace Abba kaga kai da mai tan ɗin nan 'yan gida ɗaya ne, gara kai ma madalla ka samu. Ranar nayi dariyar da na daɗe banyi ba.

Aikin da muka fi daɗewa a kai shine na wa yayi wa wa. Malama za ta rubuta jimla da manyan baƙaƙe ta bani biro kala uku. Tambayar farko kullum, ina aikin yake? Me ake yi? In ja layi da ja a ƙarƙashin "ture". Wa yayi turewar? In ja da shuɗi. Wa aka ture? In ja da kore. Da farko jimlolin da ba a iya juyawa, Inna ta dafa shinkafa, direba ya wanke mota, sannan masu juyuwa, sannan waɗanda aka fara da wanda aka yiwa aikin. Kayan aikinta na asali duk da Turanci suke, ita ta zauna ta yanka kwali ta rubuta nata na Hausa, har da ƙananan katuna masu "ya", "ta", "sun", "zai", "yana", "tana", dan su ne suka fi guje min kuma Hausa ba ta tsayuwa sai da su, ba ka cewa yaro tafi. Za ta jera yaro, ta bar gurbi, ta sa tafi, ni in zaɓo katin da ya dace in karanta duka da ƙarfi. In tace jiya ne in ɗauko "ya", in tace gobe in canza zuwa "zai". Na daɗe ina ce wa uwargida "ya" ina ce wa Yaya "ta", shi dai haƙuri yake yi amma yaran gida sai sun fita waje sun yi dariyarsu.

Wanda na fi so kuma shine na kalmar aiki guda ɗaya. Ta tambayi sana'ata sai ta zaɓo "auna". Tace Alhaji wa yake aunawa, kuma me yake aunawa? Nace mai awo, gero. Tace saura. Tela, yadi. Saura. Nas, jini. Sai ta ɗauki ɗaya tace a ina? Yaushe? Dan me? Kafin ka ankara daga kalma ɗaya mun kai "mai awo ya auna gero da tiya a kasuwa da safe". Haka muka bi ɗaura, ɗinka, loda, zuba, saya da sayar. Saya da sayar sun bani wuya sosai dan su ma juyin juna ne, ciniki ɗaya ne amma ya danganta da gefen da ka tsaya. Hikimar kamar yadda ta faɗa, ba haddar jimla ake so ba, so ake in kalmar aiki ta taso ta jawo abokan tafiyarta, har ya zamana kalmomin da ba a koya maka ba suma sun fara zuwa. Kuma na gani, ba mu taɓa yin "sauke" da ita ba, rannan kawai naji nace 'yan dako sun sauke kaya.

Da ta lura ina iya karatun sallah da baitukan yabon Manzon Allah da na haddace tun ina yaro, sai ta kawo wata dabarar, tace a Amurka aka fara ta tun 1973. Za ta riƙe hannuna na hagu tana bubbuga shi a tebur gaɓa gaɓa muna rera magana da murya biyu sama da ƙasa, i-na-son-ru-wa, muyi tare, ta rage muryarta ta barni ni kaɗai, a hankali a cire rerawar ya koma magana. Na ji nauyin abun da farko, dattijo da gemu ana rera masa neman ruwa, amma da shi na samu ina son ruwa, ina son banɗaki, kaina na ciwo, kira min Yaya. Wanda bai taɓa rasa waɗannan ba bazai san darajarsu ba.

Ganin Malama ba kullum bane, ga kuɗin mota ga layi, dan haka yawancin aikin a gida akayi shi, bayan la'asar a tsakar gida ni da 'yata da kwalayen nan. Malama ta kafa wa mutanen gida dokoki kuma uwargida ta riƙe su gam. Mutum ɗaya zai yi magana a lokaci guda. A kashe rediyo da talabijin. A gajarta magana, abu ɗaya a jimla ɗaya, a faɗe ta a miƙe kar a juya. Kar a ɗaga murya, ba kurma bane, kar kuma a yi masa maganar yara. In ya fara magana a jira, kar a ƙarasa masa sai in shi ya nema. Sannan eh da a'a ɗina ba abun dogaro bane a lokacin, sai ince eh alhali a'a nake nufi, dan haka aka rubuta su a kwali ina nunawa da yatsa. Wannan ta jiran ita tafi yiwa mutanenmu wuya, mu da tausayi, suna ganin kana fama sai su yi caraf su faɗa maka kalmar, kai kuwa saura ƙiris ka kamo ta, in aka faɗa shikenan an ƙwace maka. Na sha jin uwargida tana ce wa manyan baƙi, dan Allah ku bar shi zai faɗa da kansa.

Ba zan ɓoye ba akwai lokacin da na tsani kwalayen nan. Minti kaɗan na aikin sai inji kamar nayi dakon buhu, kaina ya ɗau zafi, in watsar da su in juya wa yarinyar baya. Ga kuka ba dalili. Masu zuwa dubiya ma sun ragu, ban ga laifinsu sosai ba, zama da wanda baya mayar maka da hira akwai nauyi. Likita yace damuwa irin wannan tana yawan biyo bayan ciwon kuma ana maganinta, ba raunin imani bane, aka ɗora ni a kan magani na wani lokaci.

Jimlar farko da na haɗa da kaina ba kwali ba rerawa, ba wata magana mai daɗi bace. Tunda aka gano hawan jinin aka rage min gishiri da magi sosai. Rannan an kawo tuwo da miyar kuka na kai loma ɗaya na ɗago nace, ba ki sa gishiri a miyar nan ba. Uwargida ta saki cokali. 'Yata ta fito daga ɗaki da gudu tana cewa Abba maimaita, har "ba" ɗin biyu ka sa, dan da can in na sa na farko sai in manta na ƙarshe, ko in watsar da duka biyun maganar ta koma akasin abun da nake nufi. Uwargida tana share hawaye da bakin mayafi tace Alhaji ka faɗa da kyau, amma gishiri dai ba za ka samu ba.

An sha gaya mana wai in aka wuce wata shida abun da ya dawo ya dawo, saura sai haƙuri. Malama tace watannin farko ne sauƙin ya fi sauri, wannan gaskiya ne shi yasa ake so a fara da wuri, amma ba ƙofa bace da ake rufewa, ana cigaba da samun sauƙi har shekaru in ana aiki. Ni dai juyayyun jimlolin nan sai cikin shekara ta biyu suka zauna min.

Kafin in koma kasuwa sai da muka rubuta cinikin kansa muka yi ta maimaitawa, 'yata ce mai saye ni ne dillali, tun daga sallama da an zo lafiya har nawa ka taya, albarka, ƙara dai, ya sallama, Allah ya sa albarka. Yanzu ina zuwa Dawanau amma ba kamar da ba, ɗan Yaya ne yake shiga cikin hayaniyar ni ina zaune a shago, ya kawo min mutum ɗaya mu yi magana a nitse. In mutum uku suka haɗa baki a kaina ko mota tana hon a kusa sai komai ya cakuɗe, in na gaji da yamma ƙananan kalmomin nan su fara zubewa. Waya ta fi min wuya akan ido da ido dan ba na ganin bakin mutum, shi yasa na fi son saƙon murya a WhatsApp in saurara in sake saurara. Lamba kuwa har yau ba mu shirya ba, in ka karanto min lambar akawun guda 10 ɗin nan kafin ka kai ta biyar ta farko ta gudu, kuma sittin da saba'in suna min musaya a baki, dan haka duk farashin da aka tsayar sai an rubuta a takarda ko an danna min a kalkuleta na gani da idona sannan ince na yarda. Maganar bashi ma haka, duk wanda yazo da ita nakan dakatar dashi ince tsaya, wa zai ba wa, faɗa min a miƙe.